Juyin Mulki a Cikin Kwamfutata

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu kishiya babu uwar miji, babu Alhajin da ya hango 'yar talakawa daga cikin mota. Labarin wani aiki ne da na yi da hannuna cikin hunturun shekarar 2023, wanda duk marubuciyar da na ba wa sai ta dube ni ta ce, "Ke kuwa me ya kai ki?" To yau zan faɗi abin da ya kai ni, in kuma faɗi yadda aikin yake daki-daki, don na lura da yawanmu muna kwana muna tashi da kwamfuta da waya amma ba mu san abin da ke cikin cikinsu ba.

Duk wanda ya yi rubutu a zamanin da littattafanmu suke tashe a kasuwar Kano ya san cewa marubuci shi ne mutum na ƙarshe da yake da iko a kan littafinsa. Ka rubuta da biro a littafin makaranta, ka ɗauka ka kai shagon masu buga rubutu, yaron shago ya buga yadda ya ga dama, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ƙafa ta zama kafa. Daga nan sai maɗaba'a, daga maɗaba'a sai 'yan kasuwa. Ni kaina akwai littafina da na ɗaya da na biyu suka fita, na uku ya mutu a cikin kwamfutar wani shago. Mai shagon ya ce min injin ya ƙone, in yi haƙuri. Na tambayi rubutun hannun nawa aka neme shi sama da ƙasa aka rasa. Wata huɗu na yi ina sake rubuta shi daga ka, masu karatu suna ta aiko da wasiƙun zagi wai na bar su a rataye. Tun daga ranar na ƙudurta sai na mallaki tawa kwamfutar, kuma Allah ya nufa na sayi wata ta hannu, ta tafi-da-gidanka. Kusan duk abin da na rubuta tun daga lokacin yana cikinta.

To kwamfuta ta tsufa, ta fara nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Babbar 'yata, wadda kun san ba zan kama sunanta ba, yara dai Yaya suke ce mata, ita ta karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Ita ta kwashe min rubuce-rubucena a filash guda biyu, ta goge babbar manhajar da ke kai ta ɗora min wata da ake kira Linux, wadda ba a biyan ko kwabo kuma ba ta da nauyi a kan tsofaffin injina. Kwamfuta ta farfaɗo kamar an ba ta jiƙo. Matsala ɗaya ta rage. Abin kama intanet na cikinta ya daɗe da mutuwa, sai muka sayo wani ɗan ƙarami a Titin Beirut, bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ake soka shi a gefe. Muka soka, shiru. Yaya ta duba ta ce min, "Umma, abin lafiyarsa ƙalau. Kanal ɗinki ne bai san shi ba."

Kwana biyu muna ta kanal kaza, kanal kaza, a cire tsoho a ɗora sabo, har Maigidan ya leƙo ya ce, "Wai ku juyin mulki kuke shiryawa a gidan nan? Wane Kanal ne za a hamɓarar?" Muka yi ta dariya. Amma da na fahimci abin sai na ga maganarsa ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Kalmar a Turance tana nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ƙwayar gyaɗa. Duk abin da kike gani a fuskar kwamfuta, shafin da kike rubutu, hotuna, kibiyar da ke yawo, ɓawo ne. Can a ciki akwai wata manhaja da ba ta fitowa fili, ita ce kaɗai ke magana da ƙarfen kai tsaye. In kin danna harafi, ita ke karɓa ta miƙa wa shafin rubutu. In kin ce a adana, ita ke kaiwa ma'adana ta san inda ta ajiye. Ita ke raba wa kowace manhaja wurin zamanta don kada wata ta shiga ɗakin wata. Kuma ita ke yin rabon kwana. Ƙwaƙwalwar injin ba ta iya biyan buƙatar manhajoji ɗari a lokaci guda, don haka sai kanal ya riƙa ba kowace ɗan lokacinta, a karɓe a ba wata, cikin saurin da bai kai ƙiftawar ido ba, har ki ɗauka duk tare suke aiki. Abin da ya ba ni dariya, tun shekarar 2007 sashen da ke wannan rabo a Linux sunansa yana nufin mai rabo da cikakken adalci, amma a fitowar 6.6, wadda ita ce ma muka ɗora, sai aka sauke shi aka naɗa wani da aka ce ya fi shi iya rabo. Na ce wa Yaya ashe ko a wajen injina ba a gama gano adalcin rabon kwana ba, balle a gidajen da nake rubutawa.

Kowane ƙarfe kuma da yaren da yake ji, don haka kanal yana buƙatar wani ɗan rubutu da zai koya masa magana da kowanne, shi ake kira direba. Linux ɗin da aka ɗora min ya zo da kanal 6.1 na watan Disambar 2022. Direban ɗan abin da muka sayo kuwa sai a 6.2 aka shigar da shi, cikin Fabrairun 2023. Tazarar wata biyu kacal ta raba mu.

Yaya ba ta ɓoye min ba, ta ce akwai hanya mai sauƙi, akwai sabon kanal ɗinkakke da za ta sauke ta ɗora cikin minti goma. Akwai kuma doguwar hanya, a sauko da asalin rubutun da mutane suka rubuta, mu zaɓi abin da muke so, mu sa kwamfutar ta harhaɗa shi da kanta. Na ce doguwar nake so, kuma ni zan riƙa dannawa, ita ta zauna a gefe ta yi bayani. Dalilina shi ne an riga an kawo kuɗin aurenta, an sa rana bayan ƙaramar Sallah. Yau tana ɗakina gobe tana gidan wani a wani gari. Na tsere wa yaron shago, ban ga dalilin da zan koma ina jiran sai 'yata ta zo ganin gida kafin a taɓa min injin da nake cin abinci da shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da na 'yarka ne.

Shi wannan asalin rubutu yana da tarihi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara shi yana ɗan shekara 21, ya sanar da duniya ranar 25 ga Agustan 1991. Fitowar farko layi wajen dubu 10 ce. Wato lokacin da marubutanmu na farko suke ta fafutukar buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano don manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba, shi ma yana can cikin ƙanƙara yana rubuta tasa manhajar. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna GPL, ta ƙungiyar da Richard Stallman ya kafa a Amurka. Fitowa ta 1.0 ta zo a Maris na 1994. Zuwa farkon 2025 rubutun ya haura layi miliyan 40, dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke sa hannu, ana fitar da sabo kusan duk bayan mako 9 ko 10. In wayarki Android ce, to wannan kanal ɗin ne a cikinta. Tun 2017 kuma manyan kwamfutoci 500 da suka fi kowanne ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki.

Muka jona wayata da igiya don samun intanet, muka fara da sauko da kayan aiki. Babbansu shi ne GCC, wanda zan kira tafinta. Kusan duk kanal an rubuta shi ne da yaren C, wanda mutum zai iya karantawa in ya koya, amma injin ba ya jin komai sai lambobi. Tafinta ke juya wannan zuwa wancan. Sai wani mai suna make, shi ne kamar shugaban ma'aikata a maɗaba'a, ya san wane shafi ke gaba da wane. Daga nan muka shiga kernel.org muka sauko da 6.6, wadda ta fito a ƙarshen Oktoban shekarar, kuma tana cikin waɗanda ake daɗewa ana kula da su. Ƙunshin ya haura megabait 130, na ji shi a jikin datata. Yaya ta sa muka gwada sa hannun masu kula da shi don a tabbata ba jabu ba ne, abin da na ce ina ma muna da irinsa lokacin da ake buga littattafanmu a ɓoye shafuka a hargitse. Da muka kwance ƙunshin sai ya kumbura ya wuce gigabait 1, fayil sama da dubu 70.

Na ce ta buɗe min guda ɗaya in gani. Ban fahimci lissafin ba, amma na ga abin da na sani. A saman fayil ga sunan wanda ya rubuta da shekarar, a tsakiya ga wuraren da marubucin ya tsaya ya yi bayani da Turancin mutane, yana cewa na yi kaza ne saboda kaza. Na daɗe ina kallo. Shekara da shekaru na ɗauki cikin kwamfuta kamar aikin aljanu, ashe rubutu ne, mutane ne suka zauna suka rubuta suka goge suka gyara, kamar yadda nake yi.

Mataki mafi daɗi shi ne zaɓe. Kanal yana da tambayoyi sun fi dubu 10, kina son kaza ko ba kya so, don an yi shi ne ya hau komai, daga waya har injinan banki. Ba wanda zai amsa su ɗaya bayan ɗaya. Sai Yaya ta ce in kawo duk abin da na san ina soka wa kwamfutar, filash, linzami, igiyar waya, na'urar buga takarda, duk mu jona su. Sannan na rubuta make localmodconfig. Wannan umarni yana duba abin da ke aiki a injin a daidai lokacin, ya riƙe direbobinsu, ya zubar da sauran. Abin da ba a jona ba a lokacin zai ɗauka ba kya buƙatarsa, shi ya sa ta ce a kawo komai. Kamar tela ne ya gwada ki kafin ya sa almakashi, maimakon ya ɗinka rigar da za ta shiga kowa a unguwa.

Shi ɗan abin kama intanet ɗin da yake tsohon kanal bai san shi ba, dole mu zaɓe shi da hannu. Na rubuta make menuconfig, wani shuɗin allo ya fito da jerin ɗakuna, ɗaki cikin ɗaki. Muka shiga na direbobi, muka shiga na sadarwa, muka shiga na marasa waya, har muka iske sunansa. Kowane abu amsa uku gare shi. In kin danna y, an gina shi a jikin kanal, kullum yana nan kamar gishiri a gefen murhu. In kin danna m, an ajiye shi a sito sai an buƙata a ɗauko. In kin danna n, ba a ma sayo shi ba. Na danna m da yatsana, na adana, na fito.

Sai babban aikin. Na rubuta make -j4, wato ma'aikata huɗu su yi aiki tare, don iyakar abin da injina zai ɗauka ke nan. Baƙin allo ya fara zubo layuka, yawancinsu sun fara da CC, kowane layi fayil guda ne da tafinta ya gama juyawa. Fankar kwamfutar ta ɗauki kuka, gindinta ya yi zafi har muka ɗora ta a kan faifai biyu don iska ta ratsa. Na tafi na ɗora miya na dawo tana yi. Muna tsaka da haka aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ba ya wuce minti 20. Cikina ya ɗuri ruwa, na tuna littafina na uku. Yaya ta sa na tsayar da aikin da kaina na kashe injin cikin natsuwa, ta ce, "Umma kwantar da hankalinki, ba abin da ya ɓata." Da aka dawo da wuta bayan la'asar na sake rubuta umarnin, sai make ya duba abin da aka riga aka gama ya tsallake, ya ɗora daga inda ya tsaya. Duka-duka aikin bai fi awa ɗaya da rabi ba in an cire jiran wuta. Ta ce da ba mu rage kayan ba, a wannan tsohon injin sai mu wuni. Abin mamaki, duk wannan tulin rubutu da aka gama sai ya dunƙule ya zama fayil guda wajen megabait 10, da 'yan direbobinsa a gefe.

Saura naɗi. Umarni biyu ne, make modules_install wanda ke jera direbobi a sitonsu, da make install wanda ke kai sabon kanal inda ake tayar da injin. Duka biyun sai da na sa kalmar sirri, don taɓa wannan wuri sai mai gida. A nan ne ake haɗa masa wani ɗan guzuri da ake kira initramfs. Hikimarsa ita ce, direban da zai buɗe ma'adana yana iya kasancewa a cikin ma'adanar, kamar mukullin ɗaki ne a kulle cikin ɗakin. To sai a ba kanal 'yar jaka da mukullan farko a hannu tun kafin ya iso ƙofa. In babu wannan, ko aka manta wani muhimmin direba, injin yana tashi zai tsaya cak ya rubuta cewa kanal ya firgita, haka suke kiran abin.

Na tambaye ta, in hakan ta faru fa, rubuce-rubucena sun tafi? Ta ce a'a. Sabon ba ya goge tsohon, gefe da gefe suke zama. Akwai wani mai tsaron ƙofa, GRUB, da ke fitowa da zarar an kunna injin ya tambaye ki wanne za a tayar. In sabon ya ƙi, ki kashe ki kunna ki zaɓi tsohon, shi ke nan. Na ce to wannan juyin mulkin ya fi na sojojinmu tausayi, tunda wanda aka sauke yana nan a gida ana iya dawo da shi. Ba a saki reshe an kama ganye ba.

Na kashe na kunna. Daƙiƙun nan da allo ya yi baƙi sun yi min tsawo. Sai ga fuskar da na saba gani ta fito. Na rubuta uname -r, ta amsa min da 6.6. Yaya ta riga ta sauko da wani ɗan fayil da kamfanin ƙarfen ke bayarwa, wanda ake loda wa abin a cikinsa duk lokacin da aka soka shi. Na soka, sai ga sunan intanet ɗin gidanmu da na maƙwabta sun jeru. Na yi guɗa har yara suka shigo da gudu.

Akwai tambayar da ta tsaya min a rai bayan nan, kuma na san za ta tsaya wa duk marubuci. Mu da muke kuka ana kwafe littattafanmu ana rabawa a WhatsApp, ana karanta su a YouTube ba a ba mu ko sisi ba, yaya za mu yaba wa abin da ake rabawa kyauta? Da na bincika sai na ga ba abu ɗaya ba ne. Masu rubuta Linux ba su yar da haƙƙinsu ba, yana hannunsu, sunansu yana kan aikinsu. Su suka zaɓi su bayar, kuma da sharaɗi: ka ɗauka, ka gyara, ka ma sayar in ka so, amma duk wanda ka ba wa dole ka ba shi asalin rubutun har da gyaran da ka yi, a kan wannan sharaɗin dai. Kuma yawancin masu aikin a yau albashi suke karɓa daga kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat, don kamfanonin suna cin moriyar abin. Wanda ya kwafe littafina bai tambaye ni ba, sau da yawa ma sunana yake cirewa. Kyauta sai mai abu ya miƙa da hannunsa.

Kada kuma in sa ku ɗauka kowa sai ya yi abin da na yi. Wanda ya ɗinka kanal ɗinsa ya ɗauki nauyin kula da shi, don gyare-gyaren tsaro da ke zuwa wa ɗinkakke kai tsaye ba za su zo wa naka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan an kai Yaya ɗakinta na sake aikin nan sau uku ni kaɗai, ina bin abin da na rubuta a bayan littafin da nake tsara labarai, sau ɗaya kawai na kira ta a waya. A 2025 sabon zubin Linux ɗin da nake amfani da shi ya fito da kanal 6.12, direban yana ciki tun daga gida, sai na koma ɗinkakke na huta. Amma yanzu in injin ya yi tari na san inda zan fara dubawa, kuma ba wanda zai sake ce min ya ƙone in yi haƙuri in tafi ban yi tambaya ba.

Shawarata ga 'yan'uwana marubuta, musamman mata irina da muka tsaya a sakandare: kafin komai ku ajiye rubutunku a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen gida. In akwai tsohuwar kwamfuta da aka jingine, kada a yar, a gwada mata Linux. In kuna da yaro ko ƙani da ya san abin, kada ku miƙa masa ku tafi kicin, ku zauna ku ce shi ya faɗa ku ku danna. Wadda ta iya riƙe zaren labari mai mutum talatin daga littafi na ɗaya har na huɗu ba ta rikice ba, umarni shida ba za su gagare ta ba.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Taku har kullum.